Man Babbar Mota a Cikin Babur

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a ofishinmu na gona da ke Birnin Kudu ya sayi abin da ya daɗe yana kwana da shi a rai. Wani rediyo mai cin kaset, wani rufin kwano, wani kuma ya biya kujerar Makka. Ni babur na saya, ja, ɗan madaidaici, irin mai hayaƙin nan. Lokacin muna cikin jihar Kano, can birnin Kano na je na ɗauko shi, na tuƙo shi da kaina har ƙofar gida. Ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna shigowata gari a ranar sai na ji wuyana ya miƙe.

Aikina shi ne zagaya manoma da bayanin takin zamani da sabon iri. Kafin babur a keke nake zuwa Kiyako da Surko, in isa riga jiƙe sharkaf ina haki, manoman su miƙo min ruwa suna yi min sannu. Wa zai ɗauki shawarar mutumin da ake tausayi? Da babur ya zo kuwa, tun daga nesa ake shimfiɗa min tabarma. Shi ya sa na riƙe shi da daraja. Tsumman goge shi daban yake, ba a share komai da shi, kuma a ɗaki yake kwana ba a tsakar gida ba.

Irin wannan babur, mai iri uku yake sha. Akwai fetur, akwai man tuti da yake ƙonewa tare da fetur ya fita hayaƙi ta salansa, sai man giya, wanda yake zaune a cikin akwatin giya ba ya ƙonewa, sai dai lokaci zuwa lokaci a juye shi a zuba sabo. Na farko da na biyu babu gardama a kansu. Na ukun ne ya kusa haɗa ni da surukina.

Surukina mutumin Gwaram ne, tsohon direban babbar mota. Ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar gyaɗa zuwa Kano, sai da yanar ido ta fara rufe masa gani ya ajiye tuƙi. Dogo ne, mai faɗin tafin hannu, magana ɗaya yake yi a wuce wurin. Matata ita ce autarsa, don haka ba ya kunyar nuna yana ji da ita. Bai hana ni aurenta ba, amma bai taɓa nuna ya gamsu da ni ba. Ranar da aka fara kai ni gaishe shi, ina tsugune a zaure, ya ce in miƙo hannuna. Ya juya tafin, ya shafa shi da babban yatsa, ya waiwaya wajen amininsa, wani tela da kullum yake ɗinki a zauren, ya ce, "Hannun biro ne." Tun daga ranar sunana a bakinsa malamin taki. Maganar ta ci min rai ƙwarai, na kuma haɗiye ta, don ba ni da inda zan kai ta.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka mayar da ita gidansu goyon ciki kamar yadda ake yi. Can ta haifi 'ya mace, can aka yi suna, can ta zauna wankan jego. Duk ƙarshen mako sai na kama hanyar Gwaram. Miji ba ya nuna ɗokin matarsa a gidan surukai, don haka kullum cewa nake aiki ne ya biyo da ni ta Zandam na ce bari in ƙaraso in gaida Baba. Kowa a zauren ya san Zandam ba ta cikin yankin aikina, amma ba wanda ya taɓa tona ni, sai telan da yake tambayata yadda na baro takin Zandam yana danne dariya.

Abin da nake so a raina guda ne. In ta gama wanka, ni zan ɗauko ta da jaririyar a kan babur ɗina. Mata masu rakiya su biyo da kayan gara a motar kasuwa. Motar nan na san ta, awaki da buhuna da mutane duk a cakuɗe, ga ramuka, ga tsayawa a kowane ƙauye, ban ga dalilin da mai jego za ta yini a cikinta ba. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa. Ɗayan da ba na faɗa kuwa, so nake in shigo Birnin Kudu da iyalina a bayana, a kan abin hawan da na saya da gumina, mutanen unguwa suna kallo.

Ban iya faɗa wa surukina da bakina ba, telan na roƙa ya isar. Da saƙon ya isa, tsohon ya tashi ya fito ƙofar gida inda na kafe babur. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki, ya matsa taya.

"Auta da amaryata a kan wannan ɗan ƙwaron?" Amaryata yake ce wa jikar tasa, irin wasan kakanni. "Malamin taki, buɗe min wajen man giya."

Na kwance murfin. Ya tsoma tsinke ya zaro, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

"Wannan ai ruwan shayi ne. Wa ya cuce ka?"

Na ce da shi babur ɗin ya zo, Baba. Ya juya ya shiga gida. Can sai ga shi da wani tsohon galan da fentinsa ya kankare. Telan ya dakatar da kekensa ya leƙo, daga baya shi ya gaya min cewa man giyar tsohuwar motarsa ne, ragowar na ƙarshe da ya saya, a ƙarƙashin gadonsa yake ajiye shi, ko 'ya'yansa maza ba sa taɓawa. Da ya karkata galan ɗin, man ya fito a hankali kamar zuma, da wani wari mai hawa kai.

"Wannan shi ya riƙe giyar motar da take hawa tudu cike da gyaɗa," in ji shi. "Juye wancan ka zuba mai na gaskiya, sannan mu yi maganar ɗaukar auta."

A wajenmu abu mai kauri shi ne mai kyau. Kunu mai kauri, fura mai kauri, miya mai kauri, in aka ce wa abincin mace tsararo an zage ta. To me zai sa mai ya fita daban? Ni kaina na yarda da maganar a lokacin. Ban da haka ma, wannan ce kyauta ta farko da ta taɓa fitowa daga hannunsa zuwa nawa, daɗi ya cika ni. Nan take na kwance noti na tsiyaye tsohon man a ƙasa, shi da kansa ya riƙe mazurari aka zuba nasa.

A hanyar komawa rana ta take, injin ya yi zafi, giya ta ɗan yi tauri amma tana shiga. Na ce a raina ƙarfi ne ya ƙaru. Washegari aka wayi gari da ruwan sama, gari ya yi sanyi. Na buga kik, na kama kulochi, na taka giya ta ɗaya. Sai ji na yi ƙwas, babur ya yi tsalle gaba ya mutu, saura kaɗan in daki katangar maƙwabci. Na sake, ya sake. Sai da na tura shi da ƙafa ya ɗan gangara sannan na samu ya tafi. Ko a tsaye nake na damƙe kulochi har ƙarshe, ji nake yana jan ni gaba kamar akuyar da ta hango dusa.

Haka na daure na kama hanyar Surko. Akwai wani rafi mai yashi da sai an sauko giya ƙasa ake haye shi. Na kama kulochi na taka, giya ta ƙi saukowa. Na sake takawa da ƙarfi, ta faɗa gaba ɗaya, tayar baya ta wulwula, kafin in ankara ina kwance a yashi babur yana kaina, salansa ta manne min a ƙauri. Wasu mata masu tallan nono da suke hayewa suka ajiye ƙoransu suka taya ni ɗaga shi. Sun yi min sannu da gaske, amma ina jin dariyarsu bayan sun ba da baya. Tabon yana nan har yau.

Da yamma na kai shi garejin wani abokina bakanike a bakin titi, tare muka yi elemantare. Muka kwantar da babur muka buɗe gefen injin. Nan na ga abin da ban sani ba a da. Faifayen kulochin babur a cikin man giyar suke kwance, mai ɗaya suke sha da giya. Man surukina ya manne su da juna, sai da muka sa bakin sukuddireba muka raba su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ko an kama kulochi ba ya saki, balle da sanyin safiya da man yake ƙara daskarewa. A babbar mota kuwa kulochi a bushe yake, a waje, ba ruwansa da man giya, kaurin man ba ya damun sa. Tsohon bai yi kuskure game da motarsa ba, babur ne ba mota ba. Muka wanke faifayen da kananzir, muka zuba mai marar kauri irin wanda ya zo da shi, giya ta koma shiga kamar an shafa mata man shanu.

Saura faɗa wa mai galan. Na sami telan a gefe na ce ya taimaka ya sanar da Baba cikin dabara. Ya cire allura daga bakinsa ya dube ni.

"Ni zan je in gaya masa bai san mai ba? Malam, a zaurensa nake neman abinci. Nemi wani."

Ban sami wani ba. Tsohon kuma bai sake tayar da zancen ba, a wurinsa magana ta ƙare. Makonni suka wuce a haka, har ya aiko cewa in zo ranar kasuwa da safe in ɗauki auta.

Na isa tun hantsi bai gama ɗagawa ba, ga sanyin ruwan da aka yi jiya. Zaure cike da mutane, ƙannen surukina da maƙwabta da telan, a cikin gida kuma mata suna ta ɗaure kayan gara. Na tuɓe takalmi na tsuguna na gaisa. Ana gama gaisuwa sai na ga tsohon ya miƙe ya ɗauko wani abu a bayan ƙofa. Galan ne, da mazurari.

"Taso ka buɗe in ƙara masa," ya ce. "Yau kaya zai ɗauka."

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa ko da wani ne mai irin sunan. In ya ce ana rana alhali ana ruwa, sai ka ce ai kuwa ta yi zafi, Baba. Ce masa a'a a gaban ƙannensa da maƙwabtansa kuwa, ban taɓa jin wanda ya yi ba. Na bi shi waje, mutanen zauren suka fito kallo. Na tsuguna a gefen babur ina lissafi. In na bari ya zuba, tsallen farko a ƙofar gidan nan zai faru, da ita da jaririya a baya. In ma mun tsira da wannan, akwai rafi mai yashi a bayan gari wanda ya fi na Surko faɗi. Na tuna nauyin babur a kan ƙafata, na tuna kan yarinyar da ko wuya bai tsaya mata ba.

Na ɗora tafin hannuna a kan murfin.

"Baba, a yi min haƙuri. Ba za a zuba ba."

Wani daga cikin ƙannensa ya yi gyaran murya, telan ya sunkuyar da kai kamar ya yar da wani abu. Tsohon ya sunkuyo ya kama wuyan hannuna ya ja don ya ɗauke shi. Ban yi kokawa da shi ba, Allah ya tsare ni, amma ban ɗaga ba. Ya ja sau ɗaya ya saki.

"Me ka ce?"

"Na zuba wancan karon, Baba, ya kayar da ni a rafi."

Na naɗe ƙafar wandona, abin da shi ma ba a yi a gaban suruki. Ba ya gani sosai, don haka ya kai yatsu ya lalubi tabon, ya bi shi daga sama har ƙasa.

"Salansa ce?"

"Ita ce, Baba. Man ba shi da laifi, na babbar mota ne. A motarku kulochi a bushe yake. A wannan kuwa a cikin man giya yake kwance, in man ya yi kauri ba ya saki."

"A cikin mai?"

"A cikin mai, Baba. Na buɗe na gani da idona."

Ya janye yatsunsa daga tabon. Direba ne, ba ya bukatar a ƙara masa bayani a kan kulochin da ba ya saki. Amma fuskarsa ba ta sassauta ba.

"Tun yaushe ka juye nawa?"

"Tun makon da aka zuba."

"Ka kuma yi shiru."

"Na rasa bakin faɗa, Baba."

"Yau ka samu."

"Yau ba ni kaɗai zan hau ba."

Ya miƙe tsaye, ya ɗauki galan ɗinsa da mazurarinsa ya shige gida. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin zaure. Telan ya matso ya ce min ƙasa-ƙasa, "Malam, ka gama da kanka. Sai ka tafi ka jira motar kasuwa." Kunya ta rufe ni, ga kuma wani haushi yana taso min. Na ƙudura a raina in ya fito ya ce in tafi ni kaɗai zan tafi, in ba shi haƙuri har ƙasa, amma ba zan janye maganar ba. Ina nan tsugune hannuna bai bar murfin ba, na ma manta yana wurin.

An ɗan jima sai ga shi ya fito. Babu galan. Wani murfin gwangwani ne a hannunsa da ɗan man a ciki, sai gashin kaza guda.

"Kafe shi a tsaye, ka juya min tayar baya."

Na kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya. Sai tsohon nan ya tattare rigarsa ya tsuguna a gefena, kafaɗa da kafaɗa, a gaban kowa. Ina juya taya yana tsoma gashin kaza yana shafa wa sarƙa, yana bin ta da yatsa don kada ya tsallake ko gaɓa ɗaya.

"Ita ma ruwan shayin take so?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"A'a, Baba. Nan kam naku ya fi, ba ya zubewa."

"To."

Da ya gama ya goge hannu, ya aika a ce auta ta fito. Ta fito lulluɓe da mayafi, yarinya a goye, mata suna biye da ita har bakin zaure suna addu'a. Ta hau ta gyara zama. Na buga kik injin ya tashi. Tsohon ya matso ya dafa ƙarfen ɗora kaya na baya da hannu ɗaya, ya karkata kunne wajen injin.

"Sa giya in ji."

Na kama kulochi na taka. Ta shiga da ɗan ƙas, babur bai ko motsa ba a ƙarƙashin hannunsa. Ya ci gaba da dafawa na ɗan lokaci, yana jira ya ji ko zai ja. Bai ja ba. Sai ya ɗauke hannunsa.

"Malam, tafi da iyalinka. Allah ya kiyaye hanya."

Malam kawai ya ce, babu taki a ciki, bai kuma ce auta ba. Na amsa da amin, na saki kulochi a hankali.

A rafin bayan gari na sauko giya tun kafin yashi, ta sauko lafiya, muka haye ina tafe da ƙafafuna a shirye. Yarinya ko farkawa ba ta yi ba. Sai da muka hau tudu matata ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Malam, me ya haɗa ka da Baba? Ya shigo yana neman gashin kaza, yana ce wa Inna ya ja hannunka ya ƙi ɗaguwa. Wai ashe ba na biro ba ne."

Na shiga Birnin Kudu a giya ta biyu, ta hanyar kasuwa wadda ta fi tsawo, ina amsa gaisuwa hagu da dama.

Motar kasuwa ta iso da la'asar. Mata suka yi ta sauke kayan gara a tsakar gida, alkaki da nakiya da shinkafa da kwalaben man shanu. Can sai gwaggon matata ta ɗago wani abu daga cikin buhu tana toshe hanci, tana tambayar wane marar hankali ne ya cusa wannan abin wari kusa da nakiya. Galan ɗin ne, an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure da igiya. Na tashi na karɓa da hannu biyu na kai shi ɗaki kusa da babur. Na yi shekaru ina shafa wa sarƙa shi da gashin kaza, har bayan rasuwar tsohon, kuma ko ɗigo ɗaya ban taɓa bari ya shiga giya ba.